A Mararraba Ku Sauka

Na Allah ne mu, wurinsa kuma za mu koma. Kawuna, ƙanin mahaifiyata, ya koma ranar Talata da hantsi, aka kai shi makwancinsa bayan azahar. Ya haura tamanin. Jinyar kwana tara ya yi, kuma har ya cika yana cikin hankalinsa.

Gidansa na unguwar Rumde Ajiya bai taɓa ganin jama'a irin ta kwana ukun nan ba. Tabarmi suka ƙare aka aro na masallaci, masu babur suka koma zagayawa ta bayan layi don hanya ta toshe. 'Yan kasuwa ban yi mamakinsu ba, danginmu ne. Waɗanda suka cika ƙofar gida tsofaffin ɗalibansa ne, maza masu furfura, wani da tumbi wani da sanda, daga Maruwa, daga Kaele, har da wanda ya wuni biyu a hanya daga Yawunde. Duk Metir suke ce masa, yadda muke kiran malamin makaranta a nan Garwa.

Ina cikin gida wajen mata, amma tagar ɗakin da muke zaune tana kallon zaure, ana jin komai. Wani mahauci, wanda shi ke buga babbar ganga lokacin da muke makaranta, ya yi addu'a ya shafa, sannan ya ce, "Metir namijin duniya ne. Wallahi mutumin nan bai san tsoro ba. Ranar nan, a gaban gwamna…"

"A bar maganar ranar nan," in ji wani daga gefe.

"Shekara arba'in fa ke nan."

"Ko ɗari ce. Mu yi abin da ya kawo mu."

Aka koma ga Allah ya jiƙansa. Ni kuwa sai da na toshe baki da mayafi, mata suka zaci kuka ne ya taso mini, wata har tana shafa mini baya. Dariya ce ta kusa kuɓuce mini a gidan rasuwa. Kawu ne bai san tsoro ba? Mutumin da kaza mai 'ya'ya ke hana shi ratsa tsakar gidansa?

Kawu yana tsoron allura, yana tsoron kare, yana tsoron tsawa. In mota ta hau gadar Binuwai da shi, idonsa a rufe yake har a sauka. In wata mota ta tsaya a ƙofar gida ba a kashe ta ba, zai ajiye loma ya kasa kunne har ta wuce. Takarda mai tambarin hukuma kuwa, ko ta gayyatar biki ce, sai matarsa ta riƙe masa ya je ya yi alwala kafin a buɗe. Idan muka yi masa tsiya sai ya ce, "Ku yi ta dariya. Jarumai duk suna maƙabarta, mu matsorata mu muka kai su."

Abin da ya faru ranar nan da mahauci ya so ambata na fi shi saninsa, domin ni na jawo shi. Shekara arba'in ina riƙe da maganar ban faɗa wa kowa ba, kuma ko yanzu da nake rubutu sai da na tashi na leƙa waje sau biyu.

Kakanninmu fatake ne da suka zo daga ƙasar Hausa da tufafi da goro, suka zauna. Kowa a gidan ɗan kasuwa ne sai Kawu. An gwada shi a rumfa yana yaro, mai saye ya ɗauki atamfa, sai ya raɗa masa cewa wannan tana zuba in an wanke. Da aka ga zai kashe rumfar aka tura shi boko. Can ya haɗu da ƙahon Turawa mai maɓallai uku, can kuma aka rasa shi. Ya dawo malamin kiɗa a babbar makarantar sakandare, aka ba shi ƙungiyar masu busa da ganguna, wadda 'yan'uwanmu na Najeriya ke kira badujala, mu kuma fanfar.

Babban yayansu, Alhaji, bai yafe wannan ba. Na girma ina jin labarin ranar da ya tara 'yan gida ya ce, "Ɗan fatake ya koma maroƙi. Gobe sai mu gan ka a gidan biki ana liƙa maka."

Kawu ya ce, "Yaya, maroƙi ana ba shi ne don ya yi shiru. Ni gwamnati ke ba ni albashi don in yi ƙara."

Inna, mahaifiyata, ta ce maganar ta fito da kyau, sai dai daga bayan ƙyaure ya yi ta, ƙafarsa ɗaya a waje. Shekara biyu Alhaji ba ya amsa gaisuwarsa. Amma duk ranar fareti, wanda muke kira defile, za ka hangi Alhaji a gindin wata darbejiya da lema, wai wucewa yake yi hanya ta toshe.

Kayan busar makarantar tsofaffi ne, rabi maƙeri ya liƙe da dalma. Takardun kiɗa ba su ishe mu ba, kuma a gaskiya kaɗan ne cikinmu ke iya karanta su da sauri. Don haka Kawu da kunne yake koyarwa, da kuma wata siririyar sanda da muke kira tsumagiya, ko da yake bai taɓa dukan kowa da ita ba. In ta yi sama, busa ta yi sama. In ta yi ƙasa, mu bi ta. "Kada ku kalli takarda, kada ku kalli 'yan kallo," haka yake cewa kullum bayan la'asar a ƙarƙashin itatuwan makaranta. "Ku kalli tsumagiya. In ta shiga rijiya ku bi ta, laifina ne." Da wannan dabara shekara da shekaru ba makarantar da ke shan gabanmu a defile. Ɗalibansa sun shiga fanfar na soja da na 'yan sanda, wasu suka zama malaman kiɗa da kansu.

Ni sunan mahaifiyarsa aka sa mini, don haka Uwata yake ce mini. Ya ji ina rera taken da yake koyarwa ina wanke-wanke, ya miƙo mini ƙaho ya ce in hura. Ba mace ko ɗaya a masu busa lokacin. Alhaji ya ce abin kunya ya kai maƙura. Amma Babana soja ne, yana aiki a Yawunde, da aka rubuta masa ya aiko da amsa cewa a bar yarinya ta hura. Ina da shekara goma sha shida na zama ta farko a cikin masu ƙaho shida, kuma ba yabon kai ba, nawa ya fi na kowa fita.

Akwai wani take da Kawu ya haɗa tun yana sabon malami. Ya ɗauko shi daga waƙar da matan kasuwa ke yi wa shugaban ƙasa na farko, wanda ɗan garin nan ne. Ƙaho ba ya furta kalma, amma duk ɗan Garwa da ya ji taken nan ya san kalmomin. Shekara goma sha biyar da shi ake wuce rumfar manya. Yatsunmu sun san shi fiye da yadda suka san hanyar baki.

Sai duniya ta juya. Tsohon shugaba ya sauka, suka ɓata da wanda ya gaje shi, sannan wata safiya rediyo ta ce ana harbe-harbe a Yawunde, sojoji ne 'yan arewa. Aka murƙushe su. Daga ranar ba mu sake jin ɗuriyar Baba ba. Aka fara ɗaukar mutane a garin. Hotuna suka sauka daga bango, Inna ta naɗe hoton Baba mai kayan soja a leda ta tura cikin tukunyar gero. Maƙwabta da muke cin abinci kwano ɗaya suka koma gaishe mu da ido. Kawu ya zo da amalanke ya kwashe mu zuwa gidansa, yana tafe yana waiwaye.

Saura mako uku a yi defile na bikin ƙasa, direktan makaranta ya kira shi ya ce tsohon take ya mutu, kada a ji ko ƙamshinsa, a kawo sabo. Mako uku, yara arba'in, duk da kunne suke koyo. A nan Kawu ya yi dabarar da ya yi nadamarta har ya bar duniya. Ya bar farkon tsohon taken yadda yake, taku goma sha shida, tunda shi bai da wata alama, kowane taken maci haka yake farawa. A taku na goma sha bakwai ne tsohon ke hawa sama ya shiga waƙar matan kasuwa. Sai ya sa sabon ya gangara ƙasa daga nan ya kama wata hanya. Wurin ya sa masa suna mararraba.

"A mararraba ku sauka," haka ya yi ta faɗa har muryarsa ta dushe. "Hagu, dama, hagu, dama, ga mararraba nan, ku sauka." In wani ya kuskure ya hau, Kawu zai ɗaga hannu a yi tsit, ya dubi katangar makaranta ya ga ko wani na wucewa. Koya wa yaro abu da sauƙi, in ji shi, mantar da shi ne aiki.

Inna ta roƙe shi ya cire ni. Ina jin su ta bayan labule. Ya ce, "Yaya, sunanta yana takardar direkta. In na cire 'yar soja za a ce me ya sa. In na bar ta za a ce me ya sa. Wanne kike so a tambaye ni?" Ya bar ni, sai dai ya ɗauke ni daga bakin layi ya sa ni a tsakiya.

Ranar defile rana ta buɗe tun da safe, zafin bazara irin na Garwa da ke sa ƙarfen ƙaho ya ƙona leɓe. Sojojin da aka jera a titi baƙin fuska ne, kuma ba titin suke kallo ba, jama'a suke kallo. Mutane sun cika amma ba hayaniya. Muka taho, Kawu yana gefenmu na dama da farar riga, gumi ya manne masa ita a baya. Da muka doshi rumfar manya ya ɗaga tsumagiya, ganga ta faɗi, muka fara.

Ina ƙirga taku. Wajen na goma sha biyu idona ya sauka kan wani soja da ya ba mu baya, ƙeyarsa da faɗin kafaɗarsa sak na Baba. Na san ba shi ba ne, amma na ci gaba da kallo ko zai juyo. Ban san mun iso mararraba ba. Yatsuna suka bi hanyar da suka saba. Sauran kayan busa duk suna shirin sauka, ƙahona shi kaɗai ya haye sama, tas, kowa ya ji.

Numfashi ɗaya ne, bai fi ba. Na ga fuskar Kawu ta juyo, na ga ya gane ƙahon wa ne. Tsumagiya tana kan hanyar sauka. Ta tsaya. Sai ta tashi sama, yara arba'in suka bi ta kamar yadda aka koya musu, tsohon take ya cika titi a gaban gwamna da manyan soja.

Wata mata a cikin jama'a ta rangaɗa guɗa, ta yanke ta a tsakiya kamar an toshe mata baki. Na ji wasu suna bin kalmomin ƙasa-ƙasa, sannan su ma suka yi shiru. Mai maci ba ya tsayawa, dole muka kai taken ƙarshe. Ban taɓa sanin yana da tsawo haka ba. Ba wanda ya tafa mana, ƙarar takalmanmu kawai nake ji.

A makaranta Kawu ya karɓi kayan ɗaya bayan ɗaya ya jera a ɗakin ajiya. A gida na same shi a tsakar gida yana ƙoƙarin shan ruwa, moɗa tana karo da haƙoransa, ruwan na zuba a riga.

Na ce, "Kawu, ni ce…"

"Ke ce me? Ban ji komai ba. Je ki ci tuwo."

"Kawu, ƙahona ne ya…"

"Uwata," ya ce, yana kallon ƙofa, "in kina ƙaunar uwarki, wannan magana ta mutu a cikinki."

Kwana uku ba abin da ya faru, kuma kwanakin nan sun fi komai wuya. Ko ɗan talla ya yi sallama sai in leƙa ta bayan labule. Na san abin da za a ce in an gano: 'yar sojan da ya ɓace, ita ta busa wa tsohon shugaba a gaban gwamna, wa ya aiko ta, wa ke zuwa gidansu. Ba ni kaɗai za a ɗauka ba, har da Inna.

Ranar Litinin da safe muna aji aka aiko a kira masu ƙaho shida. A ɗakin ajiya muka tarar da direkta tsaye kamar an dasa shi, da Kawu, da wasu mutum biyu cikin kayan gida. Ɗaya dogo ne mai Faransanci zalla, ɗayan gajere, yana jin Fulatanci da Hausa. Dogon ya ce waɗanda ke rumfa sun ji ƙaho ɗaya ya riga saura, shi suka zo nema. Ya karanta sunayenmu daga takarda. Da ya zo kan nawa ya maimaita sunan Baba a hankali, ya ɗago ya dube ni, ya sa ɗan ɗigo da biro.

"Kowa zai busa shi kaɗai, daga farko," in ji gajeren. "Za mu ji wanda hannunsa ke zamewa."

Kawu ya yi gyaran murya sau biyu kafin magana ta fito. "Mesiye, yaran nan ba su iya busa ba sanda. Haka na koya musu. A bar ni in riƙa musu."

Suka dubi juna, dogon ya ɗaga kafaɗa.

Yaro na farko ya fito. Kawu ya ɗaga tsumagiya. Taku goma sha shida, ya saukar da ita, yaron ya gangara cikin sabon take lafiya lau. Kawu ya ce, "A sake." Taku goma sha shida, wannan karon ya ɗaga ta sama, yaron ya haye cikin tsohon take kafin ya san abin da yake yi, ya cire ƙahon daga baki ido waje. Na biyu haka. Na uku haka. Direkta ya jingina da bango.

Ni ce ta huɗu. Na sa ƙaho a baki, ba yawu, iska kawai ta fita. Na sake, ba komai. Gajeren ya matso kusa da ni har ina jin warin taba a rigarsa.

"Uwata," in ji Kawu da Hausa, a hankali, "tsumagiya za ki kalla."

Na kalle ta. Ta sauka na sauka. Ta hau na hau. Na biyar da na shida suka yi nasu.

Kawu ya ce, "Kun gani. Ba su da hanya sai wadda sanda ta nuna."

"Wanda ya riga saura fa?"

"Wanda ya fi saurin ido ke nan, ban san ko wane ne ba. Kullum akwai mai riga ganin sanda. Shekara goma sha biyar hannun nan yana tashi a daidai wurin nan. Ranar ya tashi da kansa. Hannuna ne, Mesiye."

Gajeren ya dube shi ya ce da Hausa, "Malam, ka san abin da kake faɗa kuwa?"

"Na sani."

Ina kallon ƙafafunsa. Wandonsa yana kaɗawa daga gwiwa zuwa ƙasa kamar an shanya shi a iska. Ya nemi izini ya ba ni makullin kekensa in kai gida, sau biyu yana faɗuwa daga hannunsa kafin ya iso nawa. Ƙarfe goma sha ɗaya na safe suka sa shi a mota.

Kwana goma sha tara ya yi a hannunsu. Matarsa, Bafulatana ce muna ce mata Dada, kullum sai ta dafa abinci ta ɗauka a kwano ta bi ofis-ofis, ina biye da ita da butar ruwa. Ko'ina a ce ba a san da shi ba. Alhaji, mai cewa maroƙi, ya rufe rumfarsa ya sa babbar riga ya yi ta zarya gidajen manya, yana durƙusa wa yaran da ya girme wa iyayensu. Ko wannan ne ya yi aiki ko wani abu, Allah ya sani. Wata la'asar Kawu ya shigo da ƙafarsa, ya rame, haƙoransa biyu na gaba babu, kunnensa na hagu ya daina ji. Mai busa ba haƙoran gaba ya gama busa. Duk wanda ya tambaye shi yadda aka yi sai ya ce, "Sauro ya yi yawa a wurin." Iyakar abin da muka taɓa ji ke nan. Baba kuwa bai dawo ba, har yau ba mu san inda kabarinsa yake ba.

Aka mayar da Kawu wata ƙaramar makaranta a Kaele, cikin gonakin auduga, inda ko usur babu. An yi haka don a binne shi da rai. Da muka kai masa ziyara bayan shekara biyu muka tarar ya sa yara sun yanko kara sun yi sarewa, ya rufe bakin garewani da fatar akuya sun zama ganguna, suna maci a fili ƙafa ba takalmi. A shekara ta uku su aka sa gaba a defile na garin. Daga baya ya koma Maruwa, can ya yi ritaya. Da aka buɗe jami'a wani tsohon ɗalibinsa ya zo har gida ya ɗauke shi don ya taimaka a kafa fanfar na ɗalibai. Yakan zauna a kujera ya juya musu kunnen dama, in sabon malami ya kawo take biyu masu farko iri ɗaya sai ya ce a canza ɗaya yanzu-yanzu. "Kowane take da ƙofarsa," yake cewa, kuma ba ya bayani.

Garin kuwa ya yanke nasa hukunci, wai da gangan Metir ya yi. Mahauta suka riƙa ƙara masa nama, tsofaffi suna miƙe masa a masallaci. Wannan ya fi komai tayar masa da hankali. In wani ya gan shi a hanya ya yi masa fiton taken nan da baki don girmamawa, Kawu zai tsallaka titi kamar an biyo shi. "Mutanen nan da yabo za su kashe ni," yake ce wa Dada. Kuma ba shi da halin ƙaryata su sosai, domin duk wanda ya tona maganar zai iso kan ƙahon da ya riga saura.

Ni ban sake taɓa ƙaho ba. Na yi karatun jinya, na yi aure, na haifi 'ya'ya huɗu, na yi ritaya. Sai a jinyarsa ta ƙarshe, wata rana da hantsi Dada ta fita ɗauko magani, na matsa ta wajen kunnensa mai ji na ce, "Kawu, ka yafe mini."

Ya buɗe ido ya dubi ƙofa. "Wa ke waje?"

"Ba kowa."

"To yi a hankali." Ya ɗan huta. "Ba abin yafewa. Ni na gina mararrabar. Kuma ranar, wallahi ban san lokacin da hannun ya tashi ba. Da na tsaya tunani da ban iya ba."

Na ce, "A ɗakin ajiya fa? Kwana uku ka yi kana tunani."

Ya yi murmushi da giɓinsa. "Ai shi ya sa kika ga ina karkarwa."

Bayan addu'ar uku tsofaffin ɗalibai suka aiko a kira ni zaure. Suka ce ni ce 'yarsa, ni ce kuma na yi fanfar tare da su, in rubuta wani abu a kan Metir a buga a raba, kada a manta da shi. Mahauci ya rage murya ya ce, "Ki sa yadda ya yi musu da gangan. Yaran yanzu su san an yi maza."

Na shiga ɗakin da Dada ke takaba. Na zauna a gabanta na faɗa mata komai, tun daga ƙeyar soja har makullin keke. Ita ce mutum ta farko da na taɓa faɗa wa. Ta daɗe tana jan carbi ba ta dube ni ba.

"Kwana goma sha tara ina yawo da kwano," ta ce, "kina bayana da buta, ba ki ce mini komai ba."

 Ta dafa bango ta miƙe, tsohuwa mai ciwon gwiwa, na zaci fita za ta yi ta bar ni. Sai ta tura ƙyaure ta sa sakata, ta rufe taga, ta dawo ta zauna har gwiwarmu na haɗuwa.

"Wa kika faɗa wa bayan ni?"

"Ba kowa."

"Ɗanki na fari aikin gwamnati yake yi. Na biyu yana neman shiga."

"Dada, shekara arba'in ke nan."

"Haka na riƙa ce masa ni ma. Ya ce in nuna masa wanda ya tafi cikin masu mulkin wancan lokacin." Ta kama hannuna ta matse. "Haƙora biyu da kunne ya bayar don kada sunanki ya hau takardar mutanen nan. Yanzu ke za ki hau da shi da hannunki? Ki rubuta gaskiya in kina so, ya gaji da jarumtar da aka ɗora masa. Amma ba sunanki, ba na makaranta, ba nasa. In an san shi an san ki."

Na ce mata to, kuma da zan ce don biyayya kawai na amsa da na yi ƙarya. Sanyi na ji a raina da ta hana ni, don ni ma tsoron nake ji. An ce in rubuta don kada a manta da shi, ga shi na zo ƙarshe ban iya sa sunansa ko sau ɗaya ba. Jikokinsa za su karanta su ce wani malami ne a wata makaranta.

Allah Ya san sunan. Ya kira shi da shi cikin rahama, Ya yafe masa kurakuransa, Ya sa inda ya sauka ba mai zuwa tambayarsa wa ya fara.